Yadda Jiki Yake Kwafin Gadonsa: Tarihin Harafi Guda da Ya Kauce

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1953 Allah ya yi wa Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud rasuwa a garin Ɗa'ifa, ɗansa Sa'ud ya gaje shi. Sabon sarkin ya zaɓi Nasiriyya, wani wuri mai lambuna da ke yamma da tsohon birnin Riyad, ya gina katafariyar fada a can, da masallaci da makaranta da asibiti duk a cikin ganuwa ɗaya. A zamaninsa ne kuɗin man fetur ya soma sake kamannin ƙasar, kuma a zamaninsa ne, a shekarar 1957, aka kafa jami'ar farko ta Sa'udiyya, wadda take ɗauke da sunansa a yau.

Kusan watanni bakwai kafin wannan canjin sarauta, a ranar 25 ga watan Afrilu, wata mujallar kimiyya ta Ingila mai suna Nature ta buga wata gajeriyar maƙala ta wasu masana biyu na Jami'ar Kambirij, James Watson da Francis Crick, a kan surar sinadarin da ke ɗauke da gadon jiki. A lokacin babu wata alaƙa da ake gani tsakanin ɗakin bincike na Kambirij da fadar Nasiriyya. Amma bayan shekara 51, watau a 2004, hukuma a Riyad ta zartar da cewa ba za a ɗaura wa 'yan ƙasa aure ba sai ango da amarya sun kawo shaidar gwajin jini. Dalilin wannan doka yana cikin yadda jiki yake kwafin gadonsa, kuma maganar ta shafi mutanen Kano da Katsina da Maraɗi fiye da yadda ta shafi mutanen Riyad.

Hausawa sun daɗe da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, watau sun lura da gado tun da daɗewa. Abin da ya gagari mutanen dā a ko'ina shi ne sanin inda gadon yake ajiye. Jikin mutum ya haɗu ne daga ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma kowace ƙwaya daga wata ta fito, ta hanyar rabuwa gida biyu. A shekarar 1869 wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a garin Tubingen na Jamus, ya riƙa karɓo bandeji masu mugunya daga asibiti yana wanke ƙwayoyin da ke jikinsu. Daga cibiyar waɗannan ƙwayoyi ya fitar da wani sinadari da ba a san shi ba. Shi ne abin da ake kira DNA a yau, wanda za a iya kira zaren gado. An yi shekara 75 ba a tabbatar da amfaninsa ba, sai a 1944, lokacin da Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a birnin New York suka nuna cewa idan aka ɗauki wannan sinadari daga wani jinsin bakteriya aka ba wani, halin na farko yakan koma ga na biyu har ya bi zuriyarsa.

Abin da Watson da Crick suka gano, tare da dogaro a kan hotunan da Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauka a London a 1952, shi ne cewa zaren gado igiya ce mai tufka biyu. Kowace tufka jerin haruffa ne na sinadari iri huɗu, waɗanda masana suke rubutawa da A da T da G da C. Haruffan tufka guda suna riƙe da na ɗayar bisa ƙa'ida ɗaya tak: A ba ta haɗuwa sai da T, G kuma ba ta haɗuwa sai da C. Duk wanda ya san jerin haruffan tufka guda ya riga ya san na 'yar'uwarta. Masanan biyu suka ce ashe nan asirin kwafi yake: a warware igiyar, kowace tufka ta zama allon da za a duba a rubuta sabuwa.

Wannan hasashe ne, kuma akwai masanan da suka ƙi yarda, domin suna ganin warware igiya mai tsawo haka ba tare da ta sarƙe ba abu ne mai wuya. A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl suka raba gardama a Kalifoniya. Suka yi kiwon bakteriya da abinci mai ɗauke da naitirojin mai nauyi, har zaren gadonsu ya yi nauyi, sa'an nan suka mayar da su ga abinci mai naitirojin na kullum. Bayan rabuwar farko suka auna, suka tarar zaren duka tsaka-tsaki ne, bai kai nauyin na iyaye ba, bai kuma kai sauƙin na kullum ba. Bayan rabuwa ta biyu, rabi ya zama tsaka-tsaki, rabi ya zama marar nauyi. Ma'anar wannan ita ce kowace sabuwar igiya tana da tsohuwar tufka guda da sabuwa guda, kamar dai yadda masanan Kambirij suka faɗa.

Saura ma'aikatan da ke yin aikin. A 1956 Arthur Kornberg, a birnin St. Louis na Amurka, ya fitar da wani sinadari daga bakteriya wanda yake iya jera haruffa bisa tsohuwar tufka, aka sa masa suna folimares, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1959. Daga baya aka gane cewa ma'aikatan ƙungiya ce guda. Akwai mai tafiya a gaba yana warware igiyar, akwai mai sassauta murɗewar da warwarar take haifarwa, akwai mai aza ɗan gajeren mafari domin folimares ba ya iya fara rubutu a kan fili, sa'an nan akwai mai ɗinke gaɓoɓi. Wata matsala ta daɗe tana ɗaure wa masana kai: tufkokin biyu suna kwance ne kai da ƙafa, ga shi folimares ba ya rubutu sai ta fuska ɗaya. A 1968 Reiji Okazaki da matarsa Tsuneko, a Jami'ar Nagoya ta Japan, suka nuna cewa tufka guda ana rubuta ta a miƙe, ɗayar kuwa guntu-guntu ake rubuta ta da baya-baya, daga bisani a ɗinke. Reiji Okazaki ya rasu a 1975 yana da shekara 44, da cutar sankarar jini. Yana yaro ya shiga cikin tururin bam ɗin da aka jefa a Hiroshima. Har yau guntayen nan suna amsa sunansu.

Girman aikin ya isa abin mamaki. A cikin ƙwayar halitta guda ta mutum akwai haruffa masu aure kamar miliyan dubu 6, rabi daga uwa rabi daga uba, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya, da ya kai tsawon mita 2. Magatakarda mai rubuta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai yi kusan shekara 190 kafin ya gama kwafe shi. Ƙwayar halitta kuwa cikin awa 8 ko makamancin haka take gamawa, domin tana fara aikin a wurare dubbai a lokaci guda, folimares yana rubuta haruffa kamar 50 a daƙiƙa a kowane wuri.

Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan hannu na Kano ko Timbuktu ya san cewa mai kwafi ba ya rasa kuskure, kuma kuskuren da ya tsira daga idon mai dubawa yakan bi duk littafin da aka kwafa daga wancan. Haka abin yake a jiki. Folimares yakan saka harafin da bai dace ba kamar sau ɗaya a cikin 100,000. Amma yana duba aikinsa da kansa, in ya ji harafi bai zauna daidai ba sai ya ja da baya ya cire shi. Bayansa kuma akwai wasu masu dubawa da ke bin sabuwar tufka suna gyara abin da ya kuɓuce masa, aikin da ya sa aka ba Paul Modrich lambar Nobel a 2015 tare da Tomas Lindahl da Aziz Sancar, waɗanda suka gano wasu hanyoyin gyara. Bayan duk wannan, kuskuren da ke saura bai wuce ɗaya a cikin haruffa miliyan dubu ba. Duk da haka kowane jariri yakan zo da sababbin canje-canje kamar 60 ko 70 waɗanda babu su a jikin iyayensa. Mafi yawansu ba sa cutarwa, ba sa amfanarwa. Sai dai da zarar canji ya zauna a kan tufkokin biyu, masu dubawa ba sa iya gane shi, sai su riƙa tsare shi kamar yadda suke tsare daidai. Amanar da ke kiyaye gado ita ce take dawwamar da kuskure.

Babu misalin da ya fi cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya ba da labarin wani ɗalibi daga tsibirin Girenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himogulobin, watau sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. A tsakanin 1956 da 1957, a ɗakin binciken nan na Kambirij inda aka gano surar zaren gado, Vernon Ingram ya gano cewa a cikin tubala 146 na ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, tubali ɗaya ne rak ya canza, na shida. Asalin wannan kuwa harafi ɗaya ne a kuromosom na 11: inda ya kamata a karanta GAG, sai aka sami GTG. Saboda wannan harafi, idan oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ya daskare ya zama sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da shanyewar ɓarin jiki ga yara. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, mai lauje kuwa da wuya ta wuce kwana 20, shi ya sa jinin mai cutar ba ya cika.

Wanda ya gaji harafin daga uwa da uba duka, watau SS, shi ne mai cutar. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya, watau AS, lafiyarsa ƙalau a bisa galibi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, kuma wannan lissafi sabo yake komawa a kowane ciki, bai kula da abin da aka haifa a baya ba.

Me ya sa harafi mai kisa ya yaɗu haka? A 1954 Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da sauro yake kashe yara da yawa, yaro mai AS ya fi samun damar girma ya haihu. An ga wannan a fili a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. Alan Fleming, wanda ya koyar da ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa sun tarar cewa kamar jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai shi, domin kusan duka sun rasu tun suna ƙanana. Masu AS kuwa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, kuma yawansu ya fi a cikin manya bisa ga jarirai. A yau Nijeriya ce ke gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta cewa jarirai kamar 150,000 ake haifa da ita kowace shekara.

Saboda kwafin yana da amana, haruffan da ke maƙwabtaka da na sikila sukan bi shi zuriya bayan zuriya, sai suka zama kamar tambarin da ke nuna inda ya fito. Masana sun rarrabe tambari biyar: na Senegal, na Binin, na Kamaru, na Bantu, da na Larabawa da Indiya. An daɗe ana ganin cewa canjin ya auku sau da yawa a wurare dabam-dabam. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani haifaffen Nijeriya da ke aiki a Amurka, suka kawo hujjar cewa sau ɗaya ya auku, a jikin mutum guda, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyawa. Wasu masanan suna ganin ya fi haka daɗewa.

A Sa'udiyya tambari biyu suka haɗu. A 1963 Hermann Lehmann da abokan aikinsa suka ba da rahoton sikila a gabashin ƙasar, a dausayin Ƙaɗif da Ahsa, inda ruwa da dabino da sauro suka daɗe tare. Likitocin kamfanin mai na Aramco sun lura a farkon shekarun 1970 cewa cutar ta mutanen gabas tana da sauƙi a lokacin ƙuruciya. Dalili shi ne tambarin Larabawa da Indiya yana tafiya da yawan himogulobin irin na ɗan tayi, wanda a al'ada yakan ragu bayan haihuwa, shi kuwa yana hana na sikila daskarewa. A kudu maso yamma, wajen Jizan da Asir, cutar tana da tsanani, kuma tambarinta na Binin ne, irin wanda mafi yawan masu sikila a Nijeriya suke ɗauke da shi. Masana suna danganta wannan da zirga-zirgar mutane ta ƙarnoni da yawa a tsakanin Afirka da Jazirar Larabawa, ta fatauci da aikin hajji da cinikin bayi. Watau yaro mai sikila a Jizan da ɗan'uwansa a Katsina kwafin rubutu guda suke ɗauke da shi.

Ga yawan masu harafin a wasu lardunan, ga kuma auren zumunci da ya yawaita a ƙasar, sai hukumar Sa'udiyya ta wajabta gwajin sikila da wata cutar jini ta gado mai suna talasimiya daga shekarar 2004. Gwaji wajibi ne, amma hukunci yana hannun masu aure: idan aka ga haɗari sai a yi musu bayani, su zaɓa. A shekarun farko, kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka gargaɗa sun ci gaba da aurensu. Zuwa 2009 kusan rabi suna fasawa. Babban abin da ya rage wa shirin ƙarfi da fari shi ne lokacin gwajin, domin mutane suna zuwa ne bayan an biya sadaki an sa rana, lokacin da fasawa ta zama abin kunya ga gida biyu. Maƙwabciyar ƙasa Bahrain ta fara gwada ɗaliban sakandare tun ƙarshen shekarun 1990, ta kuma ga raguwar haihuwar masu cutar ƙwarai.

Sanin yadda ake kwafi ya ba likitoci makamai uku. Na farko, a 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar sa folimares ya yi aiki a cikin kwalba, ya mayar da ɗan guntun zaren gado kwafi miliyoyi cikin 'yan awoyi. Da aka fara buga bayanin wannan dabara a 1985, cutar da aka gwada ganowa da ita sikila ce. Ita ce dabarar nan ta PCR da duniya ta ji sunanta a lokacin annobar korona. Na biyu shi ne maganin haidiroksiyuriya, wanda asalinsa na sankara ne. Aikinsa rage samar da haruffan da folimares yake bukata, sai kwafi ya yi jinkiri a cikin ɓargo, wannan kuma yakan sa jiki ya ƙara yin himogulobin irin na ɗan tayi, watau irin sa'ar da mutanen Ƙaɗif suka gada. Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Amurka, sun nuna cewa yana kare yaran Kano daga shanyewar ɓarin jiki. Na uku shi ne gyaran zaren gado kansa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, Sa'udiyya ta biyo baya a farkon 2024. Ana fitar da ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a yanke wani wuri a zaren gadonsu don su koma yin himogulobin na ɗan tayi, a mayar da su jiki, su kuwa su ci gaba da kwafin gyaran da irin amanar da suka kwafi kuskuren. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda, abin da ya fi ƙarfin kusan duk gidan da cutar take.

Saboda haka a ƙasar Hausa abin da ke hannun jama'a shi ne gwaji da magani mai araha. A watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Abin da aka gani a Riyad cikin shekara 20 yana da darasi ga masu aiwatar da ita. Gwajin da aka yi ana gobe ɗaurin aure, bayan an kai lefe an raba goro, gargaɗi ne da ya makara, kuma yana iya sa wasu neman takardar jabu. Wanda aka yi wa jariri, ko yaro a makaranta, yana ba iyaye damar fara rigakafi da wuri, yana kuma ba saurayi da budurwa damar sanin matsayinsu kafin zuciya ta kamu. Haka nan akwai bukatar liman da malamin makaranta da ungozoma su bayyana wa jama'a cewa mai AS ba majiyyaci ba ne, kuma in ya auri AA ba za su haifi SS ba, domin kada a mayar da mutum ɗaya cikin huɗu, musamman 'yan mata, abin gudu. Yaran da aka riga aka haifa da cutar kuwa, allurar rigakafi da gidan sauro da haidiroksiyuriya sun sa da yawa daga cikinsu suna girma su yi karatu su yi iyali, abin da takwarorinsu na Garki ba su samu ba shekara 50 da suka wuce.